Tsibirin da Ba a Faɗin Sunansa

A layin awon kaya na filin jirgin Perth, wata budurwa ta tsaya bayan wani tsoho, kowa da allonsa na hawan igiyar ruwa.

"Baba, sai ina?"

"Wani tsibiri. Mu ba ma faɗin suna, yarinya. Kina faɗa, ruwan ya zama kasuwa."

"Nawa ma sirri ne. Har aiki na ajiye saboda shi. An ce babu kowa can."

"Wa ya ce?"

"Makanikena, Darcy. Wani tsoho ne ya gaya masa, ya rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa."

Tsohon ya waiga. Layi har ƙofa, alluna birjik.

"Shi kaɗai fa na gaya wa."

"Ai ya iya gyaran mota, Baba. Kowa wurinsa yake zuwa."