Takardar Rustem

A ɗakin jira na wani ofishin biza a Ankara, wani tsoho ya miƙa wa budurwar da ke gefensa takarda.

"'Yata, jikata zan je gani a Ingila. Wannan kalmar Turancin da ke saman wurin sa hannu, me take nufi da Turkanci?"

Ta duba wayarta. "Gaskiya take nufi, Baffa. Ƙamus ya kawo gercek, abin da ya faru, da dogru, abin da yake daidai, sai hakikat, irin ta malamai."

"Wacce suke so a ciki?"

"So suke ka tabbatar duk abin da ka rubuta haka yake. Ba kai ne Rustem ba?"

"A takarda."

"A gida fa?"

"Dursun. Rustem yayana ne, ya rasu yana wata bakwai. Da aka haife ni, babanmu ya ce ba zai sake tafiyar kwana biyu a kan jaki don rajistar haihuwa ba, alhali ga takardar Rustem a akwati ba mai amfani da ita."

"Ashe ranar haihuwar ma ba taka ba ce."

"Ta girme ni da shekara uku. Ko gemu ban fara ba aka ɗauke ni soja."

"Don Allah kada ka faɗa musu haka a ciki."

"Ƙarya zan yi ke nan?"

"Baffa, jikarka kake son gani ko ƙamus?"

Tsohon ya ari bironta, ya sa hannu a hankali.

"Rustem ya yi soja, ya yi aure, ya yi ritaya. Bari ya je ya ga jikarsa. Ni dama ɗan rakiya ne."