Ledar Dubiya

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma magajin garin Dantchiao, malamanmu da masu unguwanni, iyayena mata da kuke can cikin rana, jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Ni ce Hamida Mainassara, majo, wato shugabar masu jinya, ta gidan likitan garin nan. Na gode da kuka ba ni lasifika, ko da yake maganar da na zo da ita na faɗe ta har muryata ta dushe, kuma wallahi na gaji.

Na farko, ciwon kansa. In ƙaya ta soke ka, wurin ya kumbura ya yi zafi, jiki ne yake faɗa, in ya gama sai ya huce. Amma akwai kumburin da ba ya hucewa, yana can cikin jini da gaɓoɓi, yana ci ta ƙasa shekara da shekaru. Yawan sukari da soye-soye na hura shi, zama wuri guda na hura shi, sai a wayi gari ga tansiyo, wato hawan jini, ga ciwon sukari, ga gyambon da ya ƙi warkewa.

Na biyu, ba sai na je nesa neman misali ba. Kun san mahaifina, Malam Mainassara. Da, da ƙafa yake zuwa gona, abincinsa tuwon gero da miyar kuka, wake da zogale. Da ƙanena Faruku ya sayi moto, wato babur, ko masallaci sai an kai shi. Na yi magana, Faruku ya ce, "Yaya, a ga Baba yana tafiya a ƙasa ina da moto? A ce da ni me?"

Na uku, ku. Tun da Baba ya kwanta da ciwon sukari da gyambo a ƙafa, duk mai zuwa dubiya da ledarsa: lemon kwalba, madarar gwangwani, sukarin shayi. Na kwashe na ɓoye, gobe a kawo wasu. Na roƙi Baba ya daina sha, ya ce, "Hamida, mutum ya tako ya kawo mini, in ƙi sha a gabansa? Ai na raina shi."

Ba mugunta kuka yi ba, ƙauna ce, shi ya sa na rasa wanda zan yi wa faɗa. Jibi zan kai shi asibitin Damagaram, can za a ce ko a bar masa babban yatsan ƙafarsa ko a yanke.

Na san in an tashi wasunku za su biya su gaishe shi, ina ma hango ledoji ƙarƙashin kujeru. Don Allah ku je hannu sake. Wanda nasa tsohon ke iya takawa kuwa, ya kama hannunsa su taka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya dawo mini da Baba da ƙafarsa cikakkiya.

Na gode.