Saƙon da Na Riƙe a Aljihu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Ayuba, shinkafa nake nomawa a fadamar Haɗeja. Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba na jiki ba ne. Hassada ce.

Shekara da shekaru, in damina ta yi nisa, ni ake tambaya. Kirista da Musulmi sukan biyo ta ƙofata: "Baba Ayuba, kogi zai haura bana?" In dubi ruwa in faɗa musu.

Sai Rahila, 'yar ƙanena, malamar firamare, ta buɗe zaure a waya. Masuntan da ke sama da mu su turo hoton ma'aunin ruwa, ita kuma ta watsa saƙon murya. Aka daina zuwa wurina. Ranar da Fasto ya yaba mata a gaban ikilisiya, kowa na tafi, ni hannuwana suka ƙi ɗaguwa.

Wata Talata da hantsi ta kira ni. "Baba, ruwa na tafe, ba zai wuce jibi ba. Ƙauyen su Malam Bukar babu sabis, kuma maganarka suke ji. Don Allah ka kai musu."

Na ce to. Na jefa wayar a aljihu, na ci gaba da aikina. A raina na ce, ni zan sha rana, ita a yabe ta?

Da azahar na zauna cin abinci, na buɗe baki zan yi addu'a, na kasa. Malam Bukar nake gani, abokina tun ƙuruciya, wanda ƙafa ta daina ɗaukarsa. Na durƙusa nan cikin laka ina kuka. "Ya Ubangiji, ka cire mini wannan abu, zai sa in kashe mutane."

Na tashi na hau kwalekwale. Da na isa ƙauyen, na faɗa musu ruwa na tafe.

Malam Bukar ya ce, "Kai ka gani a ruwa?"

Na ce, "A'a. 'Yata Rahila ce ta faɗa, kuma ta fi ni sani."

Muka kwashe mutane da awaki zuwa tudu. Alhamis ruwa ya shigo. Ba a rasa rai ba, Haleluya! Amma rumbu biyu sun tafi, lokacin da na ɓata ne ya cinye su. Na faɗa wa masu rumbunan laifina, na faɗa wa Rahila, suka yafe mini.

Na gode wa Yesu. In akwai wanda yabon ɗan'uwansa ke ƙona masa zuciya, kada ya jira ruwa ya zo. Ya kai wa Ubangiji yau, zai warkar da shi. Amin.