Gas Ɗin Maƙwabciya

A layin mai sayar da gas, wata tsohuwa ta dire silindarta, ta juyo tana huci ga matar da ke bayanta.

"Yau sai ya faɗa mini gaskiya! Rana ɗaya ya cika mana, ni da maƙwabciyata. Nawa ya ƙare a sati uku, nata har yau ci yake. Ita 'yar gwal ce?"

"Mama, kina rufe tukunya in kina girki?"

"Ita ce mai rufewa, ta rage wuta kamar mai dafa kayan sata."

"Ai shi ya sa nata ke daɗewa. Ke ma ki rufe mana."

"In rufe? Ke yarinya, in na rufe, ta yaya za ta ji ƙamshi ta san nama nake dafawa?"