Fukafukai a Karkace

Ina zaune a gindin injin niƙa mai aiki da iska na ƙauyenmu, ina lallashin gwiwoyin da keke ya gama da su, sai ga wani dattijo da furanni a hannu. Ya tare yarinyar da ta kawo baƙi yawon buɗe ido.

"'Yata, yaushe aka yi rasuwar?"

"Wace rasuwa, Baba? Mu daga nan wurin masu cuku za mu."

"Dubi fukafukan injin. Ba a tsayar da su a karkace haka sai an yi mutuwa a gidan. Tun daga gada na hango, na juya na sayo fure."

"Ai ni na ja igiyar birkin, don baƙina su yi hoto."

"To, Douwe fa?"

"Wane ne Douwe?"

"Mai injin. Ƙanena."

"Mai gemun nan? Ga shi can ta taga yana shan kofi."

Dattijon ya daɗe yana kallon tagar.

"Da ransa ke nan."

"Da ransa. Ku yi haƙuri, Baba. Ku shiga ku ba shi furen mana."

"Tun rabon gonar mahaifinmu ba ma ga maciji. Maganar da na shiryo a hanya, gawa na shiryo wa."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Ni ma ban sani ba. Kar dai ki saki igiyar nan tukuna, karkacewar fukafukan ce hujjata ta shiga."

Ya cire hula, ya nufi ƙofar.