Waken da Kawu Ya Ci a Sifaniya

Salamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Habu, ɗalibi a Landan. Bara na je hutu kudancin Sifaniya, kullum soyayyen kifi nake ci. Da kawuna Alhaji Sale ya biyo ta nan, harkar fetur ta buɗe masa, zai je can sayen injuna, sai na ce, "Kawu, ci komai, abincinsu kifi ne." Ashe arewacin ƙasar ya nufa. Ya dawo yana cewa, "Habu, wakensu ya fi namu daɗi!" Wani ɗan ajinmu, ɗan asalin arewacin Sifaniya, ya ce da naman alade suke dafa shi. Tun ranar na kasa haɗa ido da Kawu. Jama'a, in faɗa masa ko in yi shiru?