Ku Dawo Mana da Ajin Laraba

Mai girma shugabar hukumar gudanarwa ta Kwalejin Al'umma ta Gundumar Tallis, Madam Okerlund. Masu girma mambobin hukuma. Shugaban kwaleji da malamansa. 'Yan kwana-kwanan da suka sami sararin zuwa. Iyaye da ɗalibai da sauran jama'ar gari, barkanku da yamma.

Na gode da damar da aka ba ni. Na daɗe ina rubuta labaran gobara a jaridar garin nan, kuma aikin ya koya mini in yi lissafi kafin in yi fushi. Lissafin na gama shi a gida. Fushin ne na kawo muku.

Da farko, difloma kan kariya daga gobara ba asara ba ce, kuma ba zan ce asara ce don in burge kowa ba. Ɗan kwana-kwanan da ya ci bashin dala dubu goma sha huɗu ya kammala, gunduma za ta ƙara masa kusan dubu biyu da ɗari huɗu a kan albashinsa na shekara, ta kuma buɗe masa ƙofar zama sufeton gine-gine. Cikin shekara shida ko bakwai ya sauke nauyin. Ciniki ne mai kyau, amma ga wanda ya kammala. Wanda ya tsaya a hanya ba shi da ƙarin ko sisi, bashin kuwa yana nan cur, kuma wata shida bayan ya bar aji za a fara neman sa.

Na biyu, kowa a ɗakin nan ya san yadda ɗan kwana-kwana yake aiki: yini da kwana a tashar kashe gobara, kwana biyu a gida, haka har ya yi ritaya. Shi ya sa waɗanda suka kafa sashen wannan difloma suka riƙa koyar da darasi ɗaya sau biyu, Talata da Laraba, domin duk yadda juyin aiki ya faɗo, ɗaya daga ciki za ta same ka a gida. A bazarar da ta wuce kun soke ajin Laraba, kuka ce maimaici ne, ɓarnar kuɗi ce. Amma kun bar dokarku da ta ce wanda ya yi fashin aji fiye da sau uku ya faɗi. Zango mako goma sha biyar ne, kuma Talata ɗaya cikin uku tana faɗowa ranar aiki. Fashi biyar ke nan. Kun karɓi kuɗin mutane, kun rubuta sunayensu, alhali kun kayar da su tun kafin su buɗe littafi.

Na uku mutum ce, sunanta Lorena Quintanilla, direbar motar kashe gobara a Tasha ta Huɗu, uwar yara biyu. Darasi biyu suka rage mata. Na same ta da abokan aikinta a kicin ɗin tasha, tana juya tukunyar wake da nama da hannu ɗaya, littafin lissafin ƙarfin ruwa a ɗayan. Abokan aikinta Farfesa suke ce mata. Shugabansu, Kyaftin Haskamp, ya leƙa tukunyar ya ce, "Farfesa, in wannan waken ne jarrabawarki, kin faɗi tun jiya." Ta ce, "Kyaftin, kai da ka ƙara waken sau uku, kai ne mai maimaita aji." Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai ta gaya mini ta musanya kwanan aiki da abokanta har ta rasa wanda za ta sake roƙo, ta je ofishinku aka ce ta nemi hutu. Ta ce da ni, "Hutu daga me? In gidan shugaban kwaleji ya kama ranar Talata, in ce masa ya jira a tashi daga aji?"

Ta faɗi a zangon da ya wuce, ba don ta kasa ba, sai don tana bakin aiki. Ranar Juma'a za a rufe rajista. In babu ajin Laraba ba za ta sake cin bashi don ta sake faɗuwa ba, kuma ba za ta yi kuskure ba. Za ta fita da bashin difloma, babu difloma.

Kun ce kun yi tsimi. A'a, ba ku yi tsimi ba, kun ɗauke kuɗin daga wuyan kwaleji kun ɗora a wuyan wadda za ta shiga hayaƙi ta fito da jikokinku. Ba rangwame muke roƙo ba, ba yafiya muke roƙo ba. Malami ɗaya, ɗaki ɗaya, ranar Laraba. Ku kaɗa ƙuri'ar yau, kada ku miƙa wa kwamitin da zai zauna bayan Juma'a.

Na ga wasunku suna waige, suna neman Lorena. Ba ta nan. Ta so ta faɗi wannan da bakinta, amma yau Talata ce, kuma kun sa zamanku ranar da take tasha.

Allah ya kiyaye waɗanda suke bakin aiki a wannan sa'a, ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Allah ya tsare gidajenmu daga wuta, ya ba wannan hukuma ikon gyara abin da ta ɓata, ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.